Kula da jirgin ruwa mai filafili a Abuja: tambayoyi da amsoshi kan wanki, filafilai da daɓen katakon tik

Masu jirgin filafili a Abuja ba mu da yawa. Abin da aka fi gani a tafkin Jabi shi ne kwale-kwalen inji da na tuƙin hannu. Amma duk wanda ya ɗauko tsohon jirgi daga Legas a bayan tirela, kamar yadda na yi, tambayoyinsa ba sa wuce waɗannan. Shawarar da ake samu a intanet kuwa yawanci ta mutanen Ingila da Amurka ce, masu ruwan gishiri da sanyin ƙanƙara. Mu rana ce da ƙurar hunturu da damina ke damunmu, don haka wasu amsoshin sun sha bamban da nasu.

Tunda babu gishiri a ruwanmu, ashe ba mun huta da wahalar kula ba?

Mun huta da ɗaya, mun ɗauki uku. Gaskiya ne ƙarfe ba ya saurin tsatsa a nan kamar a gaɓar Legas, inda kulob ɗin masu jirgin filafili ke nan tun 1932. Sai dai gishirin da suke kuka da shi yana yi musu wani aiki: yana rage funfuna da gansakuka a jikin katako. Shi ya sa tsofaffin matuƙa ke kwara wa daɓe, wato saman jirgin da ake takawa, ruwan teku kowace safiya. Ruwan daɗi ba ya wannan, kuma katako ya fi saurin ruɓewa a cikinsa.

Ga rana. Abuja na kusa da tsakiyar duniya, rana na dukan jirgi daga sama kusan duk shekara. Wanda ke Jos kada sanyin gari ya ruɗe shi, tudun da ya haura mita 1,200 haskensa ya fi cin yadi da fenti. Sai ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda ke shiga kowace kafa, sai damina daga Afrilu zuwa Oktoba da ke barin komai a jiƙe.

Sau nawa ya kamata a wanke jirgi, kuma da me?

Ɗauraya da ruwa zalla kowane mako, wanki da sabulu sau ɗaya a wata. A hunturu a ƙara yawan ɗaurayar. Kada a taɓa goge ƙura da busasshen tsumma, musamman a tagogin roba da fentin jiki, domin ƙurar tamkar samfefa ce. A fara jiƙa ta, ta sauka da kanta, sannan a sa soso.

Sabulun wanke kwanuka na ruwa, cokali ɗaya ko biyu a bokiti, ya wadatar ga daɓe. Ga gangar jikin da aka shafa wa kakin sheƙi, sabulun wankin mota ya fi, don na kwanuka yana cire kakin. Omo da sauran garin wanki sun yi ƙarfi. In da hali a fito da jirgin tudu kafin a sa sabulu. Ruwan da ke cikin madatsar Usuma shi ne garin nan ke sha, Jabi kuma akwai masu kamun kifi. Kumfarka ba ta da wurin zuwa sai cikinsu.

Mene ne tik ɗin nan, me ya sa ake shimfiɗa shi a jirgi?

Itace ne da asalinsa ƙasashen Indiya, Myanmar, Tailan da Lawos. Yana da maiƙo a jikinsa wanda ke hana ruwa shiga da ruɓewa, kuma ko a jiƙe ba ya santsi a ƙafa. A jiragen zamani ba shi ne ke riƙe da jirgin ba, siraran filanki ne da aka manna ko aka ɗaure da sukuru a kan faiba (haɗin zaren gilashi da ƙaro da ake ƙera jikin jirgi da shi), kaurinsu daga milimita 6 zuwa 12. A riƙe wannan adadi, don duk abin da za a faɗa a ƙasa a kansa ya dogara. Kowane wanki mai ƙarfi da kowace gugar samfefa suna rage wani abu daga milimitocin nan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Daɓena da na saya da launin zuma ya koma toka-toka. Ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau. Rana ce ta ƙone fatar sama, wadda ba ta kai kaurin takarda ba, kuma wannan fatar ita ke kare abin da ke ƙarƙashinta. Tik mai tsabta launin azurfa yake yi. Wanda ya yi baƙi-baƙi ko kore-kore shi ne ke da matsala, a duba amsar tabo a ƙasa.

Yawancin daɓen da na ga ya mutu, ba sakaci ne ya kashe shi ba. Mai shi ne ya dage sai ya ga launin zuma kowane wata, garin neman gira ya rasa ido.

To yaya ake wanke daɓen tik ba tare da an cinye shi ba?

Ka sunkuya ka kalli filanki ɗaya da kyau. Za ka ga jijiyoyi sun miƙe da tsawonsa, wasu masu duhu da tauri, tsakaninsu kuma nama mai haske da taushi. Idan ka bi tsawon katakon da buroshi, gashin buroshin zai faɗa cikin naman ya kwashe shi, ya bar jijiyoyin a tsaye. Bayan 'yan watanni daɓen zai zama kamar kunyoyin gona, kowace kunya na tara ƙura da ruwa, ka ƙara gogewa, ta ƙara zurfi. Saboda haka a ratsa jijiya ake gogewa, daga gefe zuwa gefe, ko a zagaye a hankali.

A jiƙa daɓen sharkaf tukuna. A yi aikin da sassafe ko da la'asar sakaliya, domin da tsakar rana tik na ɗaukar zafin da ba ya takuwa da ƙafa ba takalmi, sabulu kuma zai bushe kafin a ɗauraye. A yi amfani da soso ko buroshi mai laushin da za ka iya gogawa a bayan hannunka ba ka ji zafi ba. A ɗauki yanki kaɗan, a goge, a ɗauraye, a matsa gaba. Idan ruwan ɗaurayar ya fito da launin ƙasa mai kauri da 'yan zarurruka, ba datti ba ne, katakonka ne ke bin ruwa. Ka sassauta hannu.

Buroshin waya da sosan ƙarfe na wanke tukunya haramun ne a nan. Ban da karcewa, sosan ƙarfe na barin ɓurɓushi da zai yi tsatsa ya ɗiga wa daɓen jajayen ɗigo.

Zan iya kiran masu wankin mota su zo da injin feshinsu?

A'a. Ni na gwada, ko in ce an gwada a kaina. Wata Asabar na bar jirgin a tudu da wani yaro mai wankin mota, na ce ya wanke gangar jiki kawai, na tafi sallar azahar. Da na dawo ya tarye ni da fara'a: "Oga, zo ka gani, har katakon na fito maka da shi sabo fil!" Lallai ya yi launin zuma. Na sa tafin hannu na shafa, sai na ji kamar bayan kada. Bakin injin ya bi kowace jijiya ya rarake naman, ya kuma ɗaga baƙin danƙon da ke cike tsakanin filanki a wuri uku. Yaron bai yi da mugunta ba, a sana'arsa ƙarfin ruwa shi ne gwaninta. Sai da aka sa samfefa aka daidaita wurin, wato asara biyu ke nan, ta inji da ta gyara.

Injin feshi na da amfani wuri ɗaya: ƙasan jirgi, ranar da aka fito da shi daga ruwa, kafin gansakukar ta bushe.

In shafa masa mai ko banish don ya riƙa sheƙi?

A daɓen da ake takawa, kada a shafa banish, santsi zai yi in ya jiƙe, rana kuma za ta ɓare shi. Man da ake sayarwa da sunan man tik yana ba da kyau na 'yan makonni, daga nan ya kama ƙurar hunturu ya riƙe, damina ta zo funfuna ta samu abinci, daɓen ya yi baƙi. Wasu mayukan ma suna tausasa danƙon da ke tsakanin filanki. Baƙin man inji da wasu kafintoci ke shafa wa katakon rufi don gara, ko kusa kada ya zo.

Banish na da wurinsa a marikin hannu, ƙofar shiga ciki da katakon cikin ɗaki. Can ma sai an riƙa ƙara shafi kafin ya tsage, kuma a rufe shi da yadi in ba a amfani da jirgin.

Baƙin tabo, kore-kore da ɗigon mai fa?

Kore gansakuka ce, baƙin ɗigo-ɗigo funfuna. Dukansu a damina suke zuwa, a gefen da inuwa ta fi daɗewa. Akwai magungunan kashe su da ake shafawa a busasshen katako a bari ba gogewa, irin su Boracol, cikin kwanaki daɓen ya washe da kansa. Shi ya fi kowane buroshi sauƙi ga katako. Idan tabon ya riga ya zauna, asid ɗin ogzalik na haskaka shi: giram 50 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, a shafa a jiƙaƙƙen katako, a jira minti goma, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Guba ne, a sa safar hannu da tabarau, a kuma kare aluminiyam da fenti daga gare shi. Sau ɗaya a shekara ya isa. Magungunan nan masu kwalba biyu, ɗaya ta ƙone ɗaya ta haskaka, suna aiki kamar sihiri, amma naman katakon suke narkarwa.

Ɗigon man suya ko manja, in an kai balangu cikin jirgi, a yi maza a barbaɗa masa hodar jarirai ko garin alli ya tsotse, a bar shi ya kwana, a share, sannan sabulu. Abin da ya rage rana za ta cinye shi.

Yaya zan gane baƙin danƙon da ke tsakanin filanki ya mutu?

Bayan wanki ka tsaya ka kalli yadda daɓen ke bushewa. Duk layin da ya rage a jiƙe bayan sauran sun bushe, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa. Haka duk toshiyar katako da ke rufe kan sukuru, in ta yi zobe mai duhu ko ta fita, ruwa na bin sukurun zuwa cikin faiba. Wannan ya fi kowane tabo haɗari, don a jirage da yawa akwai katako mai taushi a tsakiyar faibar, in ya sha ruwa ya ruɓe sai ka ji daɓe na lotsawa a ƙarƙashin ƙafa.

Hunturu ne ke tona asiri. Iska ta bushe, katako ya tsuke, danƙon da ya tsufa ya rabu da gefensa har siririyar wuƙa ta shige. Hunturun kuma shi ne lokacin gyara, tunda sai ramin ya bushe ƙayau sabon danƙo ke kamawa. A ƙwaƙule tsohon, a share da asiton (sinadarin goge maiƙo), a manna tef a gefe biyu, a cika da danƙon da aka yi don daɓen jirgi, irin Sikaflex 290, a ba shi kusan mako kafin samfefa. A lulluɓe wurin daga ƙura a ranar farko. Silikon ɗin banɗaki ba zai yi ba. Idan kuma danƙon ya taso sama da katako, alama ce katakon ya zaizaye. A aske shi da kaifin kurfi ya yi daidai, in ba haka ba ƙafa za ta riƙa tumɓuke shi.

Filanki ɗaya ya tsage. Tik ɗinmu na gida zai maye gurbinsa?

Zai yi, in an zaɓa da ido. Ana noman tik a Najeriya tun zamanin Turawa, a dazuzzukan gwamnati na kudu maso yamma da kuma Nimbiya a kudancin Kaduna, gindin tsaunin Filato. Na Myanmar da ake yabo ya yi wuyar samu: ƙasar ta hana fitar da gungume a 2014, bayan juyin mulkin 2021 kuma Amurka da Tarayyar Turai suka sa wa kamfanin katakon gwamnatinta takunkumi. Namu na shuka ne, ana sare shi da ƙuruciya, don haka farin gefensa na da yawa, kuma farin nan ba ya jure ruwa.

Wani dattijon kafinta a Dei-Dei ne ya koya mini zaɓe. Na ɗauki wani falle mai faɗi, ya karɓe ya juya bakinsa. "Ɗana, wannan na tebur ne. Dubi nan." Ya nuna mini wani wanda jijiyoyinsa ke tsaye a bakin yanka kamar haƙoran mataji, launinsa ɗaya daga gefe zuwa gefe. Na ce, "Baba, ai wancan ya fi kyau." Ya ce, "Ya fi kyau yau." Mai tsayayyar jijiya ba ya lanƙwashewa kuma yana zaizayewa daidai. A tabbata ya bushe, a goge maiƙonsa da asiton kafin a sa gam. In tik ya gagara, loko ne magajinsa, masu ƙera jirgi sun daɗe suna amfani da shi. Mutanen Jos su leƙa kasuwar Katako.

Da wane yadi ake yin filafili, me ke kashe shi?

Fararen filafilan da aka saba gani na zaren foliyesta ne, wanda aka fi sani da sunan Dacron, an saƙa shi tamau an kuma shafe shi da wani ƙaro da ke ba shi ƙarfi da ƙarar takarda. Babban mai launi da ake saki in iska na bayanka na nailan ne. Na tsere kuwa leda ce aka manne da zaruruwa a tsakiya.

Rana ce babbar mai kisa, sai kaɗawa. Filafilin da aka bari yana fal-fal cikin iska yana karya zarensa da ƙaronsa a kowane bugu. Don haka da an dawo a sauke, a rufe da rigarsa, ko da gobe za a sake fita. Filafilin goshin jirgi da ake naɗewa a jikin waya yana da ƙyallen kariya a gefe. A tabbata ta wajen ƙyallen ya naɗu. Guguwar farkon damina, wadda ke tasowa da yamma ba sallama, ta sha warware irin wannan ta mai da shi tsumma. In za a yi makonni ba fita, a cire shi gaba ɗaya.

Yaya ake wanke filafili?

Sau ɗaya a shekara, ƙarshen hunturu ya fi dacewa. A shimfiɗa shi a kan tamfol ko ciyawa mai tsabta, ba kan siminti ba, don siminti na cin zaren ɗinki. Ruwan ɗumi kaɗan, sabulu mai laushi, soso. In dattin ya yi yawa a jiƙa shi cikin babban baho ya kwana. A ɗauraye har sai kumfa ta ɗauke, a shanya a inuwa ranar da ba iska. Ba injin wanki, ba dutsen guga, ba bugu irin na masu wanki da guga: duk suna kashe ƙaron, filafili ya koma kamar zanin gado, ya daina riƙe siffarsa.

Bilic zai cire funfuna daga filafili?

A farin foliyesta kaɗai, kuma a tsarma shi sosai, kashi ɗaya cikin goma na ruwa, na ɗan lokaci, sannan ɗauraya mai yawa. A nailan ko mai zaren Kevlar, bilic na cinye ƙarfin yadin ko da ido bai ga komai ba, sai ranar iska ya yage. Tabon tsatsa daga zoben ƙarfe, ruwan ogzalik da aka bayyana a amsar tabon daɓe zai cire shi. Kada a taɓa haɗa bilic da asid, hayaƙin da ke tashi na iya kisa.

Tabon funfuna da ya ƙi fita muni ne kawai, ba ya rage wa foliyesta ƙarfi. Ni na daina yaƙi da nawa.

Ɗinki ya fara saki. Telan unguwa zai iya?

Zare ne ke riga yadi mutuwa, domin a saman yadin yake kwance rana na dukansa. Ka karce ɗinki da farce. In ya tsinke, lokacin sake bi ya yi. Telan kaftani ba shi da keken. A nemi masu ɗinkin tamfol da rumfar biki ko masu kujerun kushin na Kugbo, a tambaya ko kekensu na yin ɗinkin zigizaga, don miƙaƙƙen ɗinki ba ya miƙewa tare da yadin. Ka kai zarenka na foliyesta mai jure rana, kada a sa na auduga ko nailan. Faci a yanke shi da zagayayyun kusurwoyi, zarensa ya bi hanyar zaren filafilin. Ƙaramar yaga kuwa tef ɗin filafili ta fuska biyu zai riƙe ta zuwa a dawo tudu.

Ina zan ajiye filafilai da damina?

A bushe ƙayau, a ɗaki mai iska, a rataye ko a kan kanta. Kada a bi karin da aka ninke bara; na leda a naɗe shi kamar tabarma. Ɓera na son filafili don sheƙa, kuma ba gefe yake ci ba, tsakiya yake hudawa ta ninki biyar. Zanzaro ma kan gina ɗakinsa cikin rigar filafili ya bar jan tabon laka, a bari ya bushe a kakkaɓe kafin a sa ruwa.

In bar jirgin cikin ruwa duk shekara ko in riƙa fitar da shi?

In yana hawa tirela, fitar da shi. Faiba na shan ruwa a hankali, ruwan daɗi mai ɗumi kuma ya fi na gishiri saurin tayar mata da ƙuraje a ƙasa, waɗanda in an fasa suke warin tsami. A tudu a ɗaga goshin, a cire toshiyar baya don ruwan sama ya fice, in ba haka ba ka buɗe wa sauro gidan haya. Tamfol kada ya kwanta a kan tik, a yi masa tanka iska ta riƙa ratsawa.

Wanda dole ya zauna a ruwa, a fito da shi sau ɗaya a shekara a wanke ƙasan a sake fentin hana gansakuka. Tsohon fenti mai sinadarin TBT an haramta shi a duniya tun 2008. Sannan a duba ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa kusa da farfela don ya ci tsatsa a madadin sauran. Jirgin da ya zo daga Legas da na zinki yake zuwa, shi kuwa zinki a ruwan daɗi farin ɓawo yake yi ya daina aiki. Na magniziyam ake sawa a nan.

Igiyoyi, winci da wayoyin da ke riƙe jigo fa?

Igiyar da ta sha ƙura tauri take yi. A jiƙa ta a bokiti da sabulu kaɗan, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Winci, wato na'urar da ake naɗa igiya a jikinta don a ja, a kwance shi bayan kowane hunturu, don ƙura da giris in sun haɗu dutsen wasa ne. A wanke da kananzir, giris kaɗan a haƙora, amma 'yan harsunan da ke yin ƙas-ƙas mai marar kauri ake ɗiga musu, giris na maƙale su. A shimfiɗa tawul a kewaye kafin a buɗe, siraran sifirin ɗinsu tsalle suke yi, kuma ba a samunsu a Wuse.

Wayoyin jigo, wato dogon sandan da ke ɗauke da filafili, a bi su da tsumma daga sama zuwa ƙasa. Inda tsumma ya maƙale, sili ya tsinke, a canja wayar duka. Kamfanonin inshora a ƙasashen waje kan nemi a sabunta su bayan kimanin shekara goma. Jirgin da aka saya na hannu ba tare da takardar ranar da aka sa su ba, a ɗauka shekarun sun cika.